Yadda fmt ta raba jika ashirin da biyar gida biyu

Habu Sakatare: Salamu alaikum ƴan'uwa, an tashi lafiya? Ina neman taimako a kan abin da ya fi ƙarfina. Kun san aikina, sanarwar biki da suna da ta'aziyya nake bugawa a shagona nan Zango, masu ita su kai gidan rediyo a karanta. Yanzu yawanci ta WhatsApp ake turo min rubutun, in kwafe in zuba a fayil. Wani sakin layinsa igiya guda ce, in na buɗe a nano, manhajar da nake rubutu da ita, sai ta wuce bakin allo ta yi gaba. Wani kuma ya daddatse inda ya ga dama, wannan layi kalma uku, wancan goma sha biyar. Shi kuwa dattijon da ke karantawa ya ce min idonsa na ɓata hanya in layi ya yi tsawo, yana son kada ya wuce harafi 50. Jiya da hannu na gyara sanarwa bakwai, ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Ɗan yayata da ya sa min Linux ɗin ya tafi Yamai. Akwai dabara?

Laminu: Wa alaikumus salam Sakatare. Kai da ke da injin a gabanka kake sassaƙa da wuƙa? Rubuta wannan ka huta:
fold -w 50 sanarwa.txt
Kuɗin shayina na wurinka.

Rakiya: Ina kwana Kawu Habu. Don Allah kada ka buga da wannan umarnin na Yaya Laminu yadda yake. Ita fold ba ta san kalma ba, ƙirga kawai take, in ta kai 50 ta sara ko a tsakiyar suna ne. Sai ka ga "Abdu" a sama, "lƙadiri" a ƙasa. In dole sai ita, a ƙara mata -s don ta nemi sarari kafin ta yanke. Kuma ko da -s ɗin, yanka kaɗai ta iya, ba ta haɗa gajerun layuka. Waɗanda aka turo maka a daddatse haka za ta bar su. Abin da kake so fmt ce:
fmt -w 50 sanarwa.txt
Ita tana kwance sakin layin gaba ɗaya ta sake ɗinka shi.

Laminu: To malama, na karɓi gyara. Na manta -s ne, ba jahilci ba ne.

Habu Sakatare: Allah shi yi miki albarka Rakiya. Na gwada, na ga ya fito a allo tsaf kamar an jera bulo. Bari in ajiye shi a fayil ɗin.

Habu Sakatare: Innalillahi. Jama'a fayil ɗin ya koma fanko! Ba ko harafi ɗaya. Abin da na rubuta ke nan: fmt -w 50 sanarwa.txt > sanarwa.txt

Laminu: Ashsha. Wannan ramin ba wanda bai taɓa faɗawa ba, ni kundin rahoton wata guda na binne a cikinsa. Alamar > ɗin nan, tun kafin fmt ta buɗe baki shi mai karɓar umarnin ya riga ya buɗe fayil ɗin ya share shi don ya zuba sabon abu. Ita ta zo karantawa ta tarar da gida a share. Ba laifinta ba ne. Kullum ka ba sabon suna daban:
fmt -w 50 sanarwa.txt > bugu.txt
Rubutun dai yana nan a wayarka ko?

Habu Sakatare: Yana nan, alhamdulillahi. Sai dai gyaran rubutun da na yi na awa guda ya tafi. Mutumin ya rubuta "kungiya" da "daurin aure" babu ƙugiya ko ɗaya, ni na bi na sassaka.

Bashir Kano: Salam 'yan'uwa na Damagaram. Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. Malam Habu, me ya hana ka buɗe LibreOffice, ka zuba rubutun, ka ƙara girman haruffa zuwa 18, ka faɗaɗa gefen takarda? Shi da kansa zai naɗe layin. Datse layi da hannu ko da fmt al'adar zamanin da ce. Duk rubutun da aka kakkarya a 50, in ka tura wa mutum a waya mai ɗaukar harafi 35 sai ya fito dogo, gajere, dogo, gajere kamar haƙoran zarto. A bar kowane allo ya naɗe wa kansa mana.

Habu Sakatare: Malam Bashir, maganarka gaskiya ce, amma dalilina biyu. Na farko ordinatar ɗin tsohuwa ce, kafin wancan ya buɗe na sha shayi na wanke kofi, ga kuran da ba ya sallama in zai tafi, batirin kuma minti ashirin ne. Na biyu shi ne babba. Da layi nake yin kuɗi, dala biyar, wato 25 F, kowane layi. Da can kullum sai an yi ciniki, wannan ya ce tasa gajera ce, wancan ya ce na ƙara girman rubutu don in cuce shi. In kowa faɗinsa 50 ne, sai in ƙirga layuka a gabansa, magana ta ƙare.

Rakiya: wc -l bugu.txt zai ƙirga maka su, Kawu. Amma har layukan da ba komai a cikinsu yake ƙirgawa. In ba ka son a biya kuɗin sarari, grep -c . bugu.txt za ka yi, da ɗigon nan a tsakiya.

Bashir Kano: To in don ciniki ne ai wc -w ya fi adalci, ka ƙirga kalmomi kawai.

Habu Sakatare: Hajiyar da ta zo da sanarwar bikin ƴarta ba za ta tsaya ƙirga kalma 140 ba. Layi kuwa tana bi da yatsa ta gani da idonta.

Mushe Issufu: Salamu alaikum yara. Ina karanta ku tun ɗazu ina dariya ni kaɗai. Bashiru, abin da ka kira al'adar da, mu da ita muka ci abinci. A keken daktilo akwai ƴar ƙararrawa, in saura haruffa kaɗan ka kai bakin takarda sai ta ce ƙilin. Daga nan kai ne za ka yanke shawara, kalmar nan za ta shiga ko in ja hannu in sauka. Wanda ya iya aiki, tun yana tsakiyar layi ya san inda zai tsaya. Takardun jarrabawar lakwal duka haka muka buga su a kan sitansil, kuma kuskure ɗaya sai ka nemi jan ruwan gyara ka shafa ka hura ya bushe. Abin da nake son in sani, wannan fmt ɗin da wane hankali take zaɓar inda za ta sauka? Don na gwada a nan na ga wani layin tana da wurin ƙara kalma amma ta ƙi.

Rakiya: Barka da hantsi Baba Mushe. Idonka ya ga daidai. Ita fmt ta GNU, wato wadda ke zuwa da Linux, ba cika layi take har maƙogwaro ba. Tana duban sakin layin duka, ta auna hanyoyin karya shi, ta ɗauki wadda layukan za su fi kusa da juna a tsawo. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Donald Knuth da Michael Plass na 1981, an dai sauƙaƙa ta. Lamba biyu take riƙewa: iyaka, wadda ba ta wucewa, da kuma inda take hari, wanda yake kashi 93 cikin ɗari na iyakar. In ka ce mata 50, wajen 46 take nema. In ba ka faɗi komai ba iyakarta 75. Kana iya sa mata harin da kanka da -g. Tana kuma ƙin barin kalmar farko ta jimla ita kaɗai a ƙarshen layi in da yadda za ta yi.

Mushe Issufu: Madalla. Ashe sakatariya ce mai tarbiyya. Ita kuwa fold ɗin Laminu ɗan koyo ne da bai ji ƙararrawa ba.

Laminu: Baba Mushe har da kai? To bari in fanshe kaina da tarihi. Ita fold in ba ka ba ta lamba ba a 80 take yanka, kuma 80 ɗin nan gadon katin IBM ne na 1928, mai gurbi 80 da ake hudawa. Allunan farko suka gaje shi, irin VT100 na 1978, har yau taga baƙa in ka buɗe ta yawanci 80 ce. Dokar wasiƙar imel, RFC 5322, ta ce an fi son layi kada ya wuce 78. Masu git, manhajar adana aikin masu shirya manhaja, suna tsayawa a 72 a bayanin aikinsu. Ita kanta fmt don gyara wasiƙa aka fara yin ta a Berkeley, cikin tsarin 3BSD. Wato duk lambobin nan ba wanda aka yanka don dattijon rediyon Habu. Hamsin ɗinsa ta fi su hujja, tunda idon mutum aka auna.

Habu Sakatare: To na sake kwafowa, na gyara, na yi yadda kuka ce da sabon suna. Bayanin ya yi kyau. Amma ga sabuwa. Sanarwar ta'aziyya ce, a ƙasa akwai jerin iyalai goma sha ɗaya, kowane gida da layinsa. Ta kwashe su duka ta cusa a sakin layi guda kamar an zuba gero a buhu. Kun san mutanenmu, in aka haɗa sunan gidan wane da na wane a layi ɗaya, ko mai karatu ya yi tuntuɓe ya tsallake ɗaya, har shago za a biyo ni.

Laminu: Tura sunayen ciki da sarari biyu a farkon kowane layi, za ta ƙyale su.

Rakiya: A'a Yaya, ba za ta ƙyale ba. Turawar za ta raba su da bayanin da ke sama, amma su a junansu tunda zurfinsu ɗaya ne za ta ɗauke su sakin layi guda ta haɗe. Na taɓa yin haka da baitocin waƙar da ƙawata ta rubuta, ƙwar biyar-biyar, suka dawo kamar labarin jarida. Kawu, -s za ka ƙara:
fmt -s -w 50 sanarwa.txt > bugu.txt
Da -s tana karya dogon layi ne kawai, ba ta taɓa haɗa gajeru. Sunayen za su zauna inda ka ajiye su.

Habu Sakatare: To ai kuma waɗanda aka turo a daddatse fa? Ba ke kika ce fmt ce ke ɗinke su ba?

Rakiya: Nan ne aikin ya rabu biyu. Ka riƙe fayil na asali wanda kowane sakin layi a cikinsa layi ɗaya ne dogo, sunaye kuma kowanne da layinsa. Shi ne uwar. In an turo maka bayani a daddatse, shi kaɗai za ka ware ka ɗinke tukuna da faɗi mai yawa, misali fmt -w 2000, sannan ka zuba a uwar. Ranar bugu sai ka yi -s ka fitar da ƴar. Uwar ba a karya ta. In gobe dattijon ya canza tabarau ya ce 60 yake so, lamba ɗaya za ka canza. In kuma mai sanarwa ya ce a turo masa a waya, uwar za ka tura, wayarsa ta naɗe da kanta.

Bashir Kano: To ai kin dawo kan maganata, Malama Rakiya.

Rakiya: Rabinta, Malam Bashir. A ajiya kai ke da gaskiya, a takarda Kawu ke da ita.

Nana Hadiza: Sannunku. Tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Fayilolin da ake kawo min a kile daga sibar, in na sa musu fmt sai ta haɗe har sakin layi da sakin layi, alhali ina ganin sarari a tsakaninsu.

Laminu: Wannan kam na sani, kada wanda ya gyara min. Daga Windows suka fito. Can kowane layi da alama biyu yake ƙarewa, mu nan ɗaya. Layin da kike gani fanko akwai ɓoyayyar alama a cikinsa. Yi cat -A fayil ki duba, za ki ga ^M kafin alamar $ a ƙarshen kowane layi. Wanke shi tukuna:
tr -d '\r' < fayil.txt | fmt -w 60
Ko dos2unix in kina da ita.

Nana Hadiza: Na ga ^M ɗin, Yaya Laminu, na gode. Amma kuma duk inda ƙ take sai na ga M-FM-^Y. Ta lalace ne?

Rakiya: Ba ta lalace ba Anti, cikinta kika leƙa. Kuma wannan ya kawo mu kan abin da tun ɗazu nake son in faɗa wa Kawu, don ya shafi kuɗinsa. A tsarin UTF-8 da inji ke ajiye rubutu da shi, da bayit ake auna wurin da harafi ke ci, kuma haruffan Ingilishi bayit ɗaya-ɗaya ne. Namu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu ne. Haka é da è na Faransanci. Ku gwada:
printf 'ƙaƙƙarfa' | wc -m
printf 'ƙaƙƙarfa' | wc -c
Na farko zai ce 8, na biyu 11. To fmt ta GNU da ke kan injinmu bayit take ƙirgawa, ba harafi ba. A wurinta kalmar nan faɗinta 11. Ba za ta taɓa wuce 50 ba, amma layin da ƙugiya ta yi yawa a cikinsa zai fito gajere fiye da ƴan'uwansa. Ita kuwa fold ba tare da -s ba, a kan tawa na ga ta raba ƙ gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, duka biyun suka koma alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u.

Habu Sakatare: Tsaya Rakiya. Kina nufin wanda na gyara wa rubutu na sa masa ƙugiya, layukansa za su fi na wanda aka bar wa "kungiya" yawa?

Rakiya: Zai iya faruwa Kawu. A doguwar sanarwa layi ɗaya, wani lokaci ba ko ɗaya.

Laminu: Harajin ƙugiya! Mai rubuta Hausa daidai ya biya dala biyar ta ladabi.

Mushe Issufu: Kada ka mai da shi wasa Laminu, ko dala ɗaya ce haƙƙi ce. Kuma ni abin ya taɓa ni ta wani wuri. A keken daktilo na Faransa babu waɗannan haruffa, sai mu buga k mu dawo da biro mu yi mata ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. A 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a nan Nijar, da ƴ a cikinta. Yanzu ga harafin ya samu a inji, amma injin yana ƙirga shi mutum biyu.

Bashir Kano: Mu da muke rubuta 'y ai harafi biyu ne tun asali, bayit biyu, ba a cuce mu ba.

Rakiya: In da miƙaƙƙiyar alama ka rubuta ba. In Word ya lanƙwasa maka ita, ita kaɗai bayit uku ce, da y huɗu. Kun fi mu biya. Haka duk "sa'a" da "jama'a" da aka kwafo daga can.

Bashir Kano: Na janye.

Nana Hadiza: Abin nan har a saƙon tes yake. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma ka sa ƙ guda ɗaya ya koma 70, don ba ta cikin jerin haruffan GSM. Shi ya sa mutane suka saba yar da ƙugiyar.

Habu Sakatare: To mene ne magani? Ni dai ba zan daina sa ƙugiya ba. Kwanaki an karanta "ɗaurin aure" da d a wata sanarwar da ba ni na buga ba, har yau ana tsokanar angon.

Rakiya: Hanya biyu. Nano ɗin da ka saba da ita haruffa take ƙirgawa. Buɗe da nano -r 50 bugu.txt, ka ajiye alama a kan sakin layi ka danna Ctrl da J, za ta jera shi a 50. Sakin layin da ka danna kaɗai take taɓawa, sunaye kuwa ba ruwanta da su in ba ka je kansu ba. Masu vim, wata manhajar rubutu kamar nano, su sa tw=50 su yi gqap. In kuma kana son umarni guda, yaren shirya manhaja na Python na da textwrap, shi ma harafi yake ƙirgawa:
python3 -c 'import sys,textwrap; [print(textwrap.fill(l,50,break_on_hyphens=False)) for l in sys.stdin.read().splitlines()]' < sanarwa.txt > bugu.txt
Wannan kamar -s yake, layi-layi yake bi, ba ya haɗawa. Na kashe masa karya a kan karan ɗori, in ba haka ba sai ya raba "sannu-sannu" biyu. Sai dai shi cika layi yake iyakar cikawa, ba shi da kwalliyar fmt.

Laminu: Akwai kuma par, ta Adam Costello, tun 1993. Ta fi su iya rubutun da ke da > a farkon layi, irin amsar imel. Amma sai an sauko da ita, kuma ga aikin Habu ba ta da wani fifiko.

Habu Sakatare: Dogon nan na Python zan ba shi suna in ajiye, ba zan iya haddace shi ba. Amma kafin ku watse, ga ta ƙarshe, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Na duba bugun gwajin da na yi da fmt ɗazu. Sanarwar wata ƙungiyar adashi ce, an ce kowace mace ta kawo 25 000 F. Ta ajiye 25 a ƙarshen layi, 000 F a farkon na ƙasa. Na karanta da ƙarfi yadda dattijon zai yi, bakina ya ce "ashirin da biyar" ya tsaya. Jika ashirin da biyar ta koma dala biyar. Haka lambar waya da muke rubutawa bibbiyu. Ga kuma wata alamar tambaya ta sauko ita kaɗai a farkon layi, don mai rubutun ya bar sarari kafin ita irin na Faransanci.

Laminu: Duk inda ta ga sarari halal ne a wurinta. Sai ka ɗaure lambobin kafin ka miƙa mata, in ta gama ka kwance:
sed -E 's/([0-9]) ([0-9])/\1_\2/g; s/ ([?!:;])/\1/g' sanarwa.txt | fmt -s -w 50 | tr '_' ' ' > bugu.txt
Na farkon yana sa ƙaramin karan ƙasa tsakanin lamba da lamba, sai ta ɗauka kalma ɗaya ce. Na biyun yana cire sararin da ke gaban alamar tambaya da ƴan'uwanta, tunda a Hausa ba ma barin sa. Na ƙarshen ya mayar da sararin lambobin. In ka fi son Python ɗin Rakiya, cire fmt ka sa shi a gurbinta. Sharaɗi dai kada rubutun ya zo da nasa karan ƙasan, don shi ma zai goge.

Rakiya: Wannan karon ba gyara, Yaya Laminu.

Laminu: A rubuta ranar.

Mushe Issufu: Habu, in ka ji tawa, a takardar rediyo ka rubuta kuɗin da kalmomi a gefen lambar. Mai sauraro a Kasuwar Dole da jika yake lissafi, shi ma mai karatun sai ya tsaya ya juya 25 000 a kansa kafin ya furta.

Habu Sakatare: Gaskiya ne Mushe, amma wannan ƙarin layi ne, sai na tambayi masu adashin ko za su biya. Na haɗa na Laminu da na Rakiya na fitar. Layi 23, sunaye goma sha ɗaya kowanne a gidansa, 25 000 F a haɗe. Da fmt 24 ya ba ni, ashe harajin gaskiya ne. Ga yaron Hajiya nan tsaye yana jira, bari in buga tun kuran bai tafi ba. Laminu, shayinka sai bayan magariba, ka zo da sukarinka.